Kafin kansiloli su ce ba sa son irin GMO

Ƙaramar hukumar da ke son ƙin irin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta, wato GMO, ta fara sanin abin da take ƙi. A Najeriya amfanin gona uku ne aka saki don nomawa: auduga a 2018, waken SAMPEA 20-T na cibiyar binciken noma ta Samaru a 2019, sai masarar TELA a Janairun 2024. Gero da dawa da shinkafa da albasa, abin da Sakkwato ke ci kuma take sayarwa, babu ko ɗaya a ciki. Ke nan maganarmu ta wake ce, sai masarar fadama.

Izinin sakin irin GMO yana hannun NBMA, hukumar tarayya mai sa ido kan irin waɗannan halittu, wadda aka kafa a 2015. Ciyaman ba zai soke shi da takarda ba. Amma kasuwa tasa ce, kuma a kasuwa ake ɓarnar. Manomi ya auni kwano biyu na wake a Illela ko Achida, bai san asalinsa ba, domin ido ba ya bambance na GMO da na gargajiya. A ganina nan ya kamata majalisa ta tsaya da ƙarfi: duk mai sayar da iri ya kawo shi cikin jakarsa ta asali, da sunan irin da shaidar hukumar kula da iri ta ƙasa, a kuma ware masa rumfa nesa da 'yan awo. Sarkin kasuwa zai iya tsare wannan.

A gona, wake ba shi da wahala. Furensa kansa yake yi wa barbara, don haka gauraya ta fi faruwa wurin sussuka da cikin buhu. A raba masussuka, a rubuta suna a kan buhu. Masara ce mai rigima, iska ke kwasar bununinta ta zuba a gemun ta maƙwabci. Mai son ajiye irinsa na gado ya bar tazarar mita 200 zuwa 400, ko ya raba lokacin shuka da mako uku zuwa huɗu don kada su yi fure tare, ya kuma tsinci irinsa daga tsakiyar gona. Ita TELA haɗin aure ce, wanda ya sake shuka abin da ya girba zai ga amfani ya ragu.

Su ma masu yabon waken SAMPEA 20-T su faɗi gaskiya. Tsutsar da ke huda kwanso kawai yake kashewa. Darɓa da ƙwarin da ke tsotsar kwanso suna nan, shi ya sa har yanzu ake masa feshi sau biyu. Ƙwaron rumbu ma bai san da zamansa ba, sai an busar da waken sosai an ɗaure cikin buhu mai leda biyu, kowace leda da ɗaurinta.