Asabar a garejin Baba: na je neman gudu, na dawo da birki

Tun da na idar da sallar asuba ban koma barci ba. Yau ce ranar da muka yi da mai kwamfutar nan na Abuja zai shigo Kano ya taɓa wa Golf ɗina ƙwaƙwalwa. Golf 5 ce GTI, ƙirar 2007, 'yar Kwatano, mai giyar hannu shida. Injinta lita 2.0 ne mai tobo, daga kamfani ƙarfin doki 200 yake bayarwa, kuma masu wannan harka sun san in aka sake rubuta lissafin burenbos, wato kwamfutar injin, kawai, ba tare da an kwance ko noti ɗaya ba, yana iya haura 240. Tun bayan ƙaramar Sallah nake tara kuɗin aikin.

Da ƙarfe takwas ina garejin Baba, da niyyar a sauya fulogi da baƙin mai kafin baƙon ya iso da la'asar. Muna shan shayi na ba shi labarin abin da ya same ni makon jiya a hanyar Zariya. Daga Kwanar Dangora zuwa Kura na taka birki da ƙarfi sau huɗu ko biyar a jere, saboda tireloli da masu tsallaka titi, a na ƙarshen sai na ji ƙafata ta lume kamar na taka soso. Motar ta tsaya, amma da ƙyar, ƙaurin ƙonewa ya cika ciki.

Baba ya ajiye kofinsa. Bai ce komai ba, ya buɗe bonet, ya tsoma ɗan tsinke a tankin man birki ya ɗago ya nuna min. Baƙi ƙirin, kamar shayin da ya kwana.

"Ɗana, yaushe rabonka da sauya wannan?"

"Tun da na saye ta ban taɓa ba, Baba."

"Shekara nawa ke nan?"

"Huɗu."

Ya kira yaro ya kawo jak. Da aka cire tayar gaba ya sa ma'auni a farantin birki. Sabonsa kaurin milimita 25 ne, kamfani ya ce kada ya gaza 22, nawa ya sauka 21, ga shatin zafi shuɗi-shuɗi a fuskarsa. Ya miƙe yana goge hannu ya ce, "Motarka ce, kuɗinka ne, ba zan hana ka ba. Amma ni ba zan sa hannuna a ƙara wa doki hatsi alhali linzaminsa ya tsinke ba. Kana da iyali."

Raina ya sosu, domin na ɗora buri a kan yau. Amma na san gaskiya ya faɗa, kuma lissafin ma na san shi. Ƙarfin da birki yake cinyewa ba ya tafiya kai da kai da gudu, ninkawa yake yi: mai tsayawa daga kilomita 140 sai ya zubar da kusan ninki biyu na abin da mai gudun 100 zai zubar, kuma duka zafi yake komawa a jikin faranti da fad. Man birki kuwa yana shan danshin iska a hankali. Man birki samfurin DOT 4 sabo ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 230, in ya sha ruwa yana iya faɗowa wajen 155. Da ya tafasa sai tururi ya cika tiyo, tururi kuma matsuwa yake, shi ne ƙafa take lumewa. Dalilin da ya sa kamfanin ya ce a sauya duk shekara biyu ke nan. Ga zafin Kano na watan Afrilu, da ko ba a taka komai ba kwalta tana turiri.

Abin da ya fi ba ni kunya, kayan birkin suna nan. Wata uku da suka wuce ƙanin matata ya turo min daga Ladipo, kasuwar kayan mota ta Legas: kalifa (abin da ke matse fad a jikin faranti) biyu shuɗɗa na Golf R32, Beljiyam, da sababbin farantai masu faɗin milimita 345, a madadin nawa na 312. Suna cikin kwali a ɗakin ajiyar Baba, na bar su saboda kuɗin fad da na aiki na karkatar da su wajen inji. Na ce a fito da su.

Muka hau babur ni da babban yaronsa zuwa kasuwar Kofar Ruwa. A can muka ɓata kusan awa biyu, duk a kan fad. Shago na farko sun fito da kwali mai kyau, yaron ya juya shi, ya kankare gefe da farce, ya girgiza min kai. Na biyu ma haka. Sai a na huɗu, wajen wani dattijo da ya san Baba, aka ɗauko daga can ƙasan kanta. "Alhaji, wannan da tsada, amma ba za ka dawo min da shi ba," in ji shi. Na biya ban ja ciniki da yawa ba. Na haɗa da lita ɗaya ta DOT 4 a rufe da hatiminta, da tiyo masu saƙar ƙarfe, waɗanda ba sa kumbura in mai ya yi zafi.

Ɗaurin bai ba da wahala ba, tunda gindin motocin ɗaya ne, kuma rim ɗina inci 18 ne, kalifar ta shige da sarari. Cire iska ne ya ci lokaci. Ina ciki ina taka feda, Baba yana ƙasa yana kira, "Buga! Riƙe! Saki!" har sai da man da ke fita ya koma garau kamar man gyaɗa. Yana ƙasan ne ya haska tayata ta baya da fitilar waya ya karanto lambobi huɗun da ke gefenta: 2317. Wato a mako na 23 na shekarar 2017 aka ƙera ta. Ya ce babban faranti zafi yake ɗauka, amma abin da ke kama ƙasa taya ce, in ta tsufa ta yi tauri ko birkin jirgi na sa ABS, na'urar da ke hana taya cijewa, ne kawai zai yi ta kakkarwa. Wannan ma ya shiga lissafin wata mai zuwa.

Mai kwamfuta ya iso bayan la'asar, matashi ne, ba zai wuce sa'an ƙanena ba. Na gaya masa kuɗin sun tafi. Ya ce ba komai Yaya, tunda na zo bari in duba ta. Ya jona waya a ƙarƙashin sitiyari, muka zaga, yana kallon allo. Ya nuna min yadda burenbos yake ja da wuta baya duk sanda na danna totur sosai, alamar ingancin fetur ɗin bai ishi injin ba. Littafin motar fetur mai lamba 98 yake so, ko 95 in ya gagara, namu na gidajen mai bai kai nan ba. Ya ce fayil ɗin da ake saukewa daga intanet don man Turai aka rubuta shi, in aka ɗora shi a nan da wannan zafin fistin ne zai biya. Shi zai rubuta mai sauƙi, in haƙura da ƙasa da abin da na ƙwallafa rai. Ya kuma gargaɗe ni cewa kulocina na iya fara sulɓi.

Kafin ya tafi ya sa aka kwance famfon fetur na saman inji, aka zaro wani ɗan ƙarfe kamar murfin kwalba da ke zaune tsakanin famfon da kamshaf. Sanannen ciwon wannan injin ne. Baƙin fentin fuskarsa ya cinye, tsakiyar ta fara lotsawa. Da an ƙara wa motar ƙarfi a haka, da ya huje ya ci kamshaf ɗin. Baba yana da sabo guda a durowa, aka sa.

Bayan magariba na fita Eastern Bypass don in zaunar da fad. Na kai 90, na sauko 20 ban tsaya cak ba, na maimaita sau takwas, sannan na yi ta tafiya a hankali har farantan suka huce. Feda ta tsaya a sama, da tauri, tana kamawa tun daga taɓin farko. A jikina na ji bambancin, har kafaɗuna suka saki.

Na shigo gida yara sun yi barci. Maman su ta tambaye ni ko an ƙara gudun, na ce a'a, sai nan da mako uku in Allah ya kai mu, bayan an sa tayoyi. Ta ce Allah ya saka wa Baba da alheri, na ce amin. Tsohon ɗan ƙarfen yana nan kan tebur kusa da wayata, gobe zan kai wa abokina mai Audi A3 ya gani, don injinmu iri ɗaya ne kuma shi ma bai taɓa buɗe nasa ba.