Tarihin Rayuwata, Kashi na Bakwai: Gadin Numfashi

A makon jiya na tsaya ne a daminar 2015, lokacin da ambaliya da gobarar gidan mai suka haɗu a shataletalen Circle da ke birnin Accra ranar 3 ga Yuni, suka ci rayuka fiye da 150. Abin bai rutsa da ni ba, amma ta nan nake bi duk ranar da na tashi daga Nima zuwa Makola sayen yadi, kuma na daɗe ina jin ƙaurin wurin a hancina.

Ba a yi mako biyu ba abin ya same ni. Ina kwance da dare, dumsor, wato yawan yankewar lantarki, ya ɗauke wuta, fanka ta tsaya, sai na lura da numfashina. Bai tsaya ba, lura kawai na yi da shi, amma tun daga wannan lokaci sai na ga kamar idan ban ja iska da kaina ba, ba za ta shiga ba. Tambayar da ta hana ni sakat ita ce, idan barci ya sace ni, wa zai ci gaba da ja? Na tashi na jingina da bango, na ɗauki carbin Mma ina ƙirga numfashi ɗaya bayan ɗaya, idan na kai 99 in sake komawa farko, har ladan ya kira asuba. Haka na kwashe kusan wata guda. Da rana kuwa ina kan keken ɗinki ina gyangyaɗi, har na ɓata wuyan rigar wata amarya, na biya yadin daga aljihuna.

Mma ta ce ko dannau ne ko iska, ta karɓo rubutu aka yi mini tofi. Ba zan raina wannan ba, domin hankalina yakan kwanta da yamma, sai dai da zarar an kashe fitila gadin ya dawo.

Ranar da abin ya fi ƙarfina ina cikin trotro, ƙaramar motar haya. Na shiga jan iska da sauri da sauri, yatsuna suka sage, leɓɓana suka yi nauyi, jiri ya kwashe ni, na tabbata ajali ne. Yayana ya kai ni asibiti, aka auna zuciya da huhu, aka maƙala mini wani ɗan abu a yatsa, aka ce komai lafiya. Wannan "lafiya" ta ba ni haushi ƙwarai. Likitar, wata dattijuwa marar gaggawa, ta ajiye agogonta a kan tebur ta ce in riƙe numfashi iya ƙarfina. Ban kai minti ɗaya ba ƙirjina ya ƙwace, iska ta shiga ba da izinina ba.

Daga nan ta bayyana mini cewa a gindin ƙwaƙwalwa, inda take haɗuwa da lakar baya, akwai sashen da ke bin diddigin iskar kabon dayokside, wadda jiki ke fitarwa ta numfashi, a jini dare da rana, kuma idan ta taru shi ne ke tilasta wa mutum ya shaƙa, ko yana barci ko yana farke. Baligi yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ba tare da ya sani ba. Sagewar yatsun nan kuwa, in ji ta, yawan jan iskar ne ya jawo ta, domin ya rage kabon dayokside fiye da kima. Ashe ni da nake tsoron ƙarancin iska, yawanta ne yake wahalar da ni. Ta ce fargaba ce mai tsanani, kuma tana da magani, sannan ta rubuta takarda zuwa sashen lafiyar ƙwaƙwalwa.

Da muka koma gida Yaya ya karanta wa Mma takardar. Ta yi shiru, ta karɓa ta ninke ta huɗu, ta ƙulle a bakin zaninta, ta ce, "Ɗiyata ba mahaukaciya ba ce, kada in ƙara jin wannan magana a gidan nan." Yadda takardar ta fito daga wannan ƙulli, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.