Lissafin Lambu Daga Tukunya Yake Farawa

Matashin da ya samu ɗan fili a bayan gida ko a bakin fadama yakan fara tunanin abin da filin zai ɗauka, alhali abin da ya kamata ya fara sani shi ne yawan cefanen da gidansu yake ci a mako. A shekarar da na fara noman rani na cika yawancin fangulana da tumatir a dashe guda, sai ya nuna gaba ɗaya a daidai lokacin da kwandunan tumatir daga Kadawa da Kura na jihar Kano suka cika kasuwa, farashi ya faɗi warwas. Gida bai iya cinyewa ba, mun raba wa maƙwabta, sauran kuma ya ruɓe a gindinsa. Damina na kusantowa muka koma sayen tumatir da tsada, kuma duk tsawon lokacin muna sayen alayyafo da albasa, domin ban bar musu gurbi ba.

Saboda haka, ƙannena, kafin ku sayi iri ku zauna da wadda take girki a gidan, mahaifiya ce ko uwargida, ku rubuta abin da yake shiga miya na mako ɗaya cur: albasa nawa, attaruhu da tattasai nawa, sau nawa ake miyar ganye, sau nawa ake kubewa. Ita ce ta san cewa attaruhu kaɗan ake jefawa, don haka 'yan gindi kaɗan sun wadatar, amma albasa ba ta da ranar hutu. Ita ce kuma za ta gaya muku cewa yaran gidan ba sa taɓa latas, komai kyawunsa a fangali. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kowane babba ya ci aƙalla giram 400 na ganyayyaki da 'ya'yan itatuwa a rana, wato gida mai manya takwas yana bukatar fiye da kilo 3 kullum. Ƙaramin lambu ba zai cike wannan duka ba, shi ya sa zaɓen abin da za a shuka yake da muhimmanci.

Bayan yawa sai lokaci, kuma a nan ne aka fi yin asara. Alayyafo yana isa yanka cikin wata guda ko makamancin haka, idan kuma aka bar shi sai ya yi fure ya tsufa. Maimakon a watsa irinsa a fangali huɗu rana ɗaya, gara a shuka fangali ɗaya, bayan mako biyu a shuka na gaba, ta yadda ana gama yankan wannan wancan ya kawo. Kubewa tana fara 'ya'ya bayan kimanin wata biyu, kuma tana son a riƙa tsinka duk bayan kwana biyu ko uku. Wadda aka manta da ita takan ƙoshe har wuƙa ta riƙa ƙara a jikinta, ba ta da amfani sai dai iri. Tumatir ma a raba dashensa gida biyu ko uku.

Wanda za a yawaita shi ne abin da yake ajiyuwa. Albasar da ta bushe sosai takan yi watanni a ɗaki mai iska, kabewa tana jure ajiya, kubewa da tumatir ana yanka su a shanya, yakuwa da zogale kuma ana busar da ganyensu a inuwa. Latas da kabeji ba su da wannan haƙuri.

Sai a duba ruwa. Rijiyar da take cike a Nuwamba takan ja baya a Maris da Afrilu, lokacin da shuka ta fi jin ƙishirwa, don haka da ruwan bazara ake auna girman lambu. A kuma bar ɗan rara saboda ƙwari, domin waɗanda suka ga yadda tsutsar sharon ta cinye tumatir a Kano da Kaduna a 2016 sun san haɗarin dogara ga abu ɗaya. Ni yanzu tumatir ba ya wuce kashi ɗaya cikin uku na lambuna, sauran albasa ce da ganye da kubewa, da zogale a jikin shinge.