Ranar da na kai 'yan ajina bakin Dilimi

Shekara tara ke nan ina koyar da 'yan aji huɗu a nan Jos, kuma duk shekara sai na zana ire-iren ƙasa a allo: rairayi, yumɓu, ƙasar noma. Yara su kwafa, su haddace, su ci jarrabawa. Bana wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, yumɓun nan a ina ake samunsa?" Gidansu bai fi tafiyar minti goma daga rafin Dilimi ba. Abin ya tsaya mini a rai har dare.

Sai da na yi sati biyu ina lallashin hedimasta kafin ya yarda mu fita, kuma ban ga laifinsa ba. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san tsoffin ramukan kuza da suka cika da ruwa, irin na wajajen Bukuru da Rayfield, ya san ba sa wasa da yaro. Muka yi alkawari da rani za mu je, lokacin da ruwa ya ja baya, mu malamai uku, kuma ba wanda zai tsoma ƙafa.

Mun tafi da tsoffin kwanonin sha, da robobin ruwa, da maganaɗisun da na ciro daga wata matacciyar rediyo. Sanyin hunturu bai gama sakinmu ba, kowa da rigar sanyinsa. A bakin rafin muka tarar da wani dattijo yana ban ruwan kabeji da karas. Na gaishe shi, na ce, "Baba, a yi mana izini yaran nan su taɓa ƙasar lambunka." Ya ajiye bokiti ya ce, "'Yata, ai taɓa ta shi ne karatun."

Shi ya karɓe darasin daga hannuna. Ya sa kowa ya jiƙa ƙasa ya dunƙula: wadda ta tsaya kamar tuwo yumɓu ce, wadda ta wargaje rairayi. Sannan ya ɗebi yashi a kwano, ya zuba ruwa, yana juyawa a hankali yana zubar da na sama, har wani baƙin gari ya kwanta a gindin kwanon. Ya ce haka mahaifinsa yake wankin kuza, don ita ta ninka yashi nauyi fiye da sau biyu, shi ya sa take zama a ƙasa. Na miƙa maganaɗisu, wani ɓangare na baƙin garin ya manne, saura ya ƙi. Baba ya ce wanda ya manne mai ƙarfe ne, kuza ba ta bin maganaɗisu. Wallahi ban taɓa ganin ajina ya yi tsit haka ba.

A nan wani yaro da kullum yake ƙarshen benci ya ce kakansa daga Kano ya zo Jos saboda kuza. Nan take wasu huɗu suka ce su ma haka. Na gaya musu masu haƙar kuza ne suka fara tono tsoffin gumakan yumɓu na ƙauyen Nok a 1928, kuma ana iya ganin irinsu a gidan tarihin Jos da aka buɗe a 1952. Babu ko ɗayansu da ya taɓa shiga, alhali a tsakiyar gari yake. Wannan ya dame ni ƙwarai.

Washegari iyaye biyu suka zo ƙorafin yunifom ya ɓaci da laka. Na ba su haƙuri, don na san tsadar sabulu. Ɗaya daga cikinsu har ta juya za ta tafi, sai ta dawo ta ce ɗanta ya kwashe kwanoninta yana wanke yashin tsakar gida tun asuba, ta tambaye ni ko in za mu je gidan tarihin za a bar iyaye su biyo mu.