Godiya ga Mutanen Wemindji da Ma'aikatan Lafiyarsu

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, ɗana ya dawo gida, yana takawa da sanda, likita kuma ya ce jijiyar ƙafar za ta warke sarai. 'Yan uwa da kuka yi ta kira daga gida ban ɗauka ba, ku yi mini afuwa. Ga abin da ya faru, ga kuma waɗanda nake so ku sa a addu'a.

Ina koyarwa a Wemindji, ɗaya daga cikin garuruwa tara na al'ummar Cree, 'yan asalin yankin, a arewacin Kebek, ƙasar Kanada, a gaɓar James Bay. Duk shekara idan agwagin daji suka dawo daga kudu, wajen ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, ana rufe makarantu, iyalai su tafi sansanoninsu na farauta. Wani iyali suka gayyace mu, muka bi su. A kwana na uku yaron yana taya su faskare, gatari ya kuɓuce ya sare shi a saman ƙafa.

Ba hanyar mota a wurin. Ƙanƙarar da ke kan ruwa ta fara narkewa, ba mai gangancin haye ta da babur. Ni dai na tsaya, hannuna na rawa, na kasa komai sai salati.

Tsohuwar gidan, wadda kowa ke kira Gookum, wato kaka, ita zan fara yi wa godiya. Ko ɗaga murya ba ta yi ba. Ta sa aka kwantar da shi, aka ɗaga ƙafar, 'yarta ta buɗe akwatin magani irin wanda Hukumar Lafiya ta Cree ke ba masu shiga daji bayan an horar da su. Ta danne ciwon, ta ɗaure shi tamau, mijinta kuma ya kira asibitin gari ta wayar tauraron ɗan'adam. Nas ɗin da ta ɗauka ba ta ga yaron ba, amma ta yi ta tambaya dalla-dalla: jinin tsartuwa yake ko zuba, yatsun suna motsi, wane magani za a ba shi. Har yanzu muryarta na kunnena. Gookum kuwa tana riƙe da kansa tana yi masa magana da yarensu, ba ya ji, amma ya daina kuka.

Na gode wa matuƙin jirgi mai saukar ungulu da ya zo da zarar hazo ya washe, da ma'aikatan asibitin gari da suka tsayar da jinin, da waɗanda suka raka mu a jirgi zuwa Montreal inda aka ɗinke jijiyar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, wannan tsari nasu ne. Bayan yarjejeniyar James Bay ta 1975, wadda Cree suka ƙulla da gwamnati, aka kafa hukumar lafiyar a 1978, Cree ne kuma ke jan ragamarta. Sun san mutanensu ba za su bar daji ba, sai suka sa magani ya bi su can. Babban asibitin yankin yana Chisasibi, akwai ma garin Whapmagoostui da ba titin da ya kai shi sam. A irin wannan ƙasa, wanda ke kusa da kai lokacin da abu ya faru shi ne likitanka na farko, shi ya sa suke koya masa.

Abokan aikina da suka riƙe mini aji, da maƙwabtan da suka yi ta kai wa maiɗakina abinci, Allah ya saka da alheri. Meegwetch, wato na gode, kamar yadda kuke cewa.

Jiya Gookum ta aiko jikanta ya duba yaron. Ta ce a gaya masa baɗi wurinsa na nan a sansani, kuma ita da kanta za ta koya masa riƙon gatari.