Ranar da na je Warrington kallon Samoa da Tonga

Gaskiya ni ban taɓa damuwa da rugby ba, ƙwallon ƙafa kawai na sani tun ina yaro. Wani abokin aikina ne a Manchester, ɗan Samoa ne (Samoa da Tonga tsibirai ne a tekun Pasifik) amma a Auckland ta New Zealand ya tashi, ya dame ni sati guda cur wai sai na raka shi Warrington, har tikiti ya saya min. Ranar Lahadi ce, 6 ga Nuwamba 2022, wasan kwata fainal na kofin duniya na rugby league, wanda ya kamata a yi a 2021 amma korona ta sa aka ɗaga.

Daga tashar Oxford Road muka hau jirgin ƙasa, tafiyar ba ta da nisa, Warrington tana tsakanin Manchester da Liverpool ne. Tun a cikin jirgin na fara ganin abin mamaki, ƴan Tonga da jajayen kaya ƴan Samoa da shuɗi, duk a tarago ɗaya, ana ta waƙa ana ɗaga tuta, wata dattijuwa da fure a kunnenta ta ga ina rawar sanyi ta miƙo min mayafin tutar Samoa ta ce in yafa, na yafa kuwa har muka sauka Warrington Central. Daga nan a ƙafa muka taka zuwa filin Halliwell Jones.

A hanya yake min bayanin wasan, mutum 13 kowane ɓangare, ba a jefa ƙwallo gaba sai baya, in aka kayar da ku sau shida ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya, wanda ya dangwala ta a bayan layi maki 4, bugun da ke biyo baya maki 2. Wai a nan arewacin Ingila ma aka haifi wasan, a Huddersfield a 1895.

Amma abin da ba zan manta ba kafin a fara ne. Ƴan Tonga suna da rawar yaƙinsu Sipi Tau, ƴan Samoa Siva Tau, sai suka yi su lokaci guda suna matsowa suna dukan ƙirji da cinya har suka zo fuska da fuska, ƙatti ne fa, ido jawur, jijiyar wuya a miƙe. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Kirarin ƴan dambe kawai na tuna, lokacin da ɗan dambe ya ɗaga hannu yana kiran sunan garinsu. Abokina da ke gefena hawaye yake yi, bai ma goge ba.

Wasan kuwa ba sauƙi, ƙarar haɗuwar jiki har kan kujera kana jinta, kuma ba wani sulke a jikinsu sai robar haƙori. Samoa ta ɗan ba da tazara bayan hutu da Brian To'o ya ci, Tonga suka taso suka rage, mintunan ƙarshe ba wanda ya zauna a wajenmu, aka tashi 20 da 18 Samoa ta yi nasara. Ana busa usur waɗanda suka gama kirɓar juna suka rungume juna.

A jirgin dawowa nake ta tunani. Tonga mutanenta kusan dubu 100 ne, Samoa kusan dubu 200, ko ƙaramar hukuma ɗaya a Kano ta fi su, kuma yawancin ƴan wasan nan a Ostireliya ko New Zealand aka haife su, irin su Jarome Luai da aka haifa a Sydney, ko Jason Taumalolo da ya bar tawagar New Zealand a 2017 ya zaɓi Tonga, ƙasar iyayensa. Ni da ƴata take amsa min da Turanci in na yi mata Hausa, abin ya tsaya min a rai sosai. Na tambayi abokina ya aka yi ba su manta ba, ya ce coci ne da kakanni da abincin Lahadi, ba wanda ake bari ya ci shi kaɗai.

Sati ɗaya bayan nan Samoa ta cire Ingila 27 da 26 a filin Emirates, ƙasar da ta lallasa su 60 da 6 a wasan farko. Wannan a gida na kalla, ƴata na kan cinyata ta yafa tutar nan, don dattijuwar ta ƙi karɓa da na mayar mata.