Abin da na koya a bakin fiyano a ɗakin koyon rawa

Shekaru uku na yi ina kaɗa fiyano a wata makarantar koyon rawar bale, wato wata rawar dandali ta Turawa, a Faransa, aikin da na karɓa tun ina ɗalibi domin in sami kuɗin haya. Na shiga da taƙama irin ta wanda ya haddace kiɗe-kiɗe masu wuya, amma ko mako ban cika ba malamar ajin ta tsayar da ni ana tsakiyar darasi, ta ce in ɗauke idona daga takardar kiɗa in mayar da shi kan ƙafafun ɗalibanta. Maganar ta yi mini zafi a ranar, ga shi kuma gaskiya ta faɗa.

A gida mun saba cewa idan kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, sai dai a wannan ɗaki akasin haka na tarar. Malama takan nuna motsi sau ɗaya tana ƙirge takwas-takwas, ni kuwa kafin ta rufe baki dole in zaɓi kiɗan da ya dace ko in ƙirƙiro shi nan take. Idan aka zo wurin manyan tsalle-tsalle, maza sukan daɗe a sama fiye da mata, don haka sai in ɗan sassauta gudun kiɗan yadda bugun zai faɗo daidai lokacin da ƙafa ta taɓa ƙasa. Babu takardar da ke ɗauke da wannan, ido ne kawai ke gane shi, kamar dai yadda mai kalangu yake bin sawun mai rawa a fili.

Da farko na ɗauki wannan biyayya a matsayin ƙasƙanci, har sai da na karanta yadda Tchaikovsky, mai tsara kiɗa ɗan ƙasar Rasha, ya yi kiɗan wasan rawar bale mai suna Sleeping Beauty, wanda aka fara nunawa a birnin Saint Petersburg a 1890. Mai tsara rawar, Marius Petipa, shi ya rubuta masa tsawon sassa da yawa da irin gudun da yake so, kuma a cikin wannan takurawa ya fitar da kiɗan da har yau ake saurara ko babu mai rawa a gaba.

Labarin John Cage, mai tsara kiɗa ɗan Amurka, ya fi kama hankalina, domin shi ma ya yi aiki irin nawa a makarantar Cornish da ke Seattle a Amurka. Wata mai rawa, Syvilla Fort, ta nemi ya yi mata kiɗa, shi kuma yana son ganguna, amma dandalin ba shi da filin da makaɗa za su zauna, fiyano ɗaya kawai ke akwai. Sai ya cusa ƙusoshi da wasu ƙananan abubuwa tsakanin tsirkiyoyin fiyanon, har sautinsa ya koma kamar na taron ganguna, kuma da wannan dabara ya yi kiɗan da ya sa wa suna Bacchanale a 1940.

Kiɗan farko da na tsara wa wata mai rawa minti shida ne, ina kuma alfahari da tsakiyarsa ƙwarai. Da muka gwada sau biyu, ta ce numfashinta ba ya kai ta ƙarshen wannan sashe. Na koma gida na yanke kusan minti ɗaya daga wurin da na fi so, kuma a haka aka nuna rawar.